Rasuwar Katin Hoton Kwamfutar Waliyyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana shi ɗaga kai, Malam Waliyyu mai shagon buga takardu a Jega yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tsohon Katin Hoto, wato ɗan koren allon nan da ke cikin kwamfutarsa, mai fito da hoto a gilashi. Ya rasu ba tare da ya taɓa ciwon kai ba, sai wanda mai shi ya jawo masa.

Marigayin ya shigo Jega tun jihar Kebbi tana rarrafe. Jacob, ma'aikacin sakatariyar Maiyama, shi ya haɗa kwamfutar da hannunsa daga tarkace, ya ɗora mata manhajar da aka yi don wani inji daban. Masu manhajar ba su san da ita ba, balle su taimaka. Duk katin da aka gwada sai manhajar ta ƙi shi, wannan kaɗai ta amince da shi.

An san shi da haƙuri. Da safe yakan ce “ɗit” sau ɗaya, 'yar fankarsa ta kama “ƙirrr”, sai gilashi ya washe. Katin biki, kalandar 'yan albasa, bai taɓa cewa ya gaji ba. Babban aikinsa kuwa na ranar kasuwa ne, lokacin da Gwaggo Gudiya, ƙanwar mahaifin Waliyyu, ke hawo kabu-kabu daga Maiyama ta zauna a benci, ya fito mata da fuskar mijinta, marigayi Almu. Hoton ɗaya ne tak a duniya. Na takarda gara ta cinye, bayan Waliyyu ya sa shi a kwamfuta ya ce mata, “Gwaggo, nan ba ya ɓacewa.” Kullum sai ya ce zai buga mata shi a takarda gobe.

To, sai Waliyyu ya je Birnin Kebbi ya ga wani kati mai fanka biyu, idonsa ya rufe. Jacob ya ce kada ya taɓa. Ya taɓa. Ya zare bawan Allah da ransa da lafiyarsa, ya ajiye shi kan buhun albasar maƙwabci, ya cusa sabon. Manhaja ta dubi baƙo ta ce ba ta san shi ba, gilashi ya yi baƙi ƙirin. Kafin ya waiwayi tsohon, 'yan dako sun jibga masa wani buhun, ya karye gida biyu.

Ba za a ce bai yi jinya ba. Waliyyu ya naɗe shi a rawani ya kai Aliero wurin Malam Tamu mai ɗori, wanda bai taɓa mayar da karaya gida ba. Malam ya jujjuya shi, ya ce, “Wanga ƙashi bai da ɓargo, amma a gwada.” Ya haɗa, ya jera karare, ya ɗaure da tsumma. Da aka kwance aka mayar da shi mazauninsa, sai ya ce “ɗit, ɗit, ɗit”, wani siririn hayaƙi ya tashi. Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Ya rasu ya bar gilashi makaho, da firinta marar abin yi, da magajinsa mai fanka biyu wanda iska kawai ya iya. Ya kuma bar Almu a ciki. Jacob ya ce hoton na nan lafiya, sai dai babu kwamfutar da ke karanta abin da wannan manhaja ta ajiye, kuma an daina ƙera irin marigayin.

Ranar kasuwar da ta wuce Gwaggo ta zo. Waliyyu ya ce mata an ɗauke wuta, alhali fankar sama tana juyawa a kansu. Ta ɗaga kai ta dube ta, ta dubi gilashin, ta ce, “Ba komi, ɗiyana. A bas shi shi huta, sai wani mako.” Har dakkwa ta bar masa. Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi, don har yau bai iya cin dakkwar ba.

Ba za a yi salla ba, tunda marigayin ƙarfe ne. Za a binne shi a gindin dogonyaron bayan shago ranar kasuwa mai zuwa da hantsi, Waliyyu da kansa zai haƙa. Duk mai irin wannan kati a ɗaki, ko da fankarsa ta mutu, don Allah ya zo da shi a maimakon gaisuwa.

Ana roƙon masu ta'aziyya su bar bencin gaban gilashi, na Gwaggo ne. Ta aiko cewa wannan karon da jikarta Hindu za ta zo, wadda ba ta taɓa ganin fuskar kakanta ba. Waliyyu ya ce wa ɗan aiken, “To, sai sun zo.”