Ranar da Na Tsere wa Motar Awaki

Sabbin tayoyin Isuhu ne suka ja mini. Wansa ya aiko masa da su daga Kwatano, ana gobe tseren motocin da mu 'yan gareji muke yi a dajin bayan Dogon Kiriya. Nawa tayoyin kuwa sun sha faci har mai facin ya san kowannensu da suna. Na taya Isuhu murna, amma raina kamar an zuba barkono.

Washegari ana sakinmu Isuhu ya ɓace mini. Can na hango ƙura ta tashi tsakanin itatuwan gawo.

Ƙanena Hamidu, mai nuna mini hanya, ya ce, "Yaya, hagu za mu yi!"

Na ce, "Rufa mini baki, ga shi can dama! Yau sai ya ga bayana."

Na taka mota, ƙofa tana karkarwa, muka kutsa cikin ƙurar. Na wuce shi ina danna oda, ban ko dube shi ba. Da na ga taron jama'a a gaba, na taka birki, na fito sanye da hular kwanon aro, hannu sama.

Ashe kasuwar ƙauye ce. Motar da na tsere wa ta tsaya, shaƙe da awaki. Direban ya leƙo ya ce, "Malam, lahiya? Akuya kake biɗa?"

Isuhu ne ya ci tseren. Har yau in akuya ta yi kuka kusa da gareji, sai kowa ya aje sifana ya miƙe yana tafa mini.