Usur ɗin Gord da Gwiwata ta Hagu

Yau da safe na ɗauki sanda a hannun dama, kwalin kek a hannun hagu, na tafi asibiti ba wata mata haƙuri kan laifin da aka yi mata ina can tsakiyar teku. Ofishin masu ciwon gwiwa a can ƙarshen ginin aka ajiye shi, sai ka wuce dogayen baranda uku da wurin sayar da furanni. Wanda ya tsara haka, Allah ya ƙara masa basira, na tabbata tuni an ba shi lambar yabo. Sau huɗu ina zama a hanya kafin in isa.

Bari in koma baya saboda sababbin masu karatu. Shekara talatin da ɗaya na yi a durƙushe ina shimfiɗa tayil a gidajen mutanen garin nan. Duk banɗakin da ka shiga a unguwarmu ka ga layin ƙasa ya miƙe sak, aikina ne. Ladan da na samu shi ne gwiwar hagu da ta cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Yau wata goma sha huɗu rabona da ɗakin kwanana, domin a sama yake, matakala goma sha uku. A falo nake kwana kan doguwar kujera, kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Matata Lurdes ta daina tausaya mini, yanzu kujerar take tausaya wa.

Likita ya ce za a sa mini sabuwar gwiwa, kyauta, ba ko sisi. Da wannan muke yi wa maƙwabtanmu na ƙasar da ke kudu da mu kuri, su da sai sun biya. Abin da ba ma faɗa da ƙarfi shi ne layi. Wata ashirin da biyu ina cikinsa. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta: in lokacinka ya zo, ko wani ya fasa, za su kira ka a waya. Da ɓoyayyar lamba suke kira, ba sa barin saƙo, kuma sau biyu ne kawai. Ba ka ɗaga ba, an wuce ka. Shi ya sa duk tsohon da ka gani a kanti yana ɗingishi, wayarsa na aljihun ƙirji, daidai saitin zuciya. Ni har wanka da ita nake shiga, a cikin ledar biredi.

Ana cikin haka sai yayata Odete ta kira daga tsibirin Terceira, inda aka haife mu.

"Amilcar, a watan Yuni zan cika tamanin. In za ka zo, ka zo ina gane mutane. In kuma sai an sa ni a akwati, ka riƙe kuɗin jirginka ka sayi taba."

"Yaya, ai na daina shan taba."

"To ka ga ba ka da uzuri ke nan."

Ita ta goye ni, ita ta raka ni bakin jirgin ruwa ranar da na bar gida. Shekara tara ban sa ta a ido ba. Muka sayi tikitin mako uku.

Sai na nufi shagon kamfanin wayata, in ji yadda layina zai bi ni. Wani mutum mai suna Trevor, an rubuta a ƙirjinsa, ya tare ni da fara'ar mai shirin yanka.

"Baba, abu mai sauƙi. Muna da Tsarin Hankali Kwance. Dala goma sha shida a rana."

"A wata dai."

"A rana, Baba. Amma sai ranar da ka yi amfani da wayar."

"In ni aka kira fa?"

"In ka ɗaga, ai ka yi amfani da ita."

"In ban ɗaga ba?"

"Ka ga ba ka biya komai ba ke nan."

Ya faɗi haka yana kallona kamar ya yi mini kyautar gida.

Kun dai tuna zaɓe nawa aka yi mana alkawarin wannan abu. Mai Girma Sarkin Alkawura ya tsaya a gaban shagon kofi, sanye da rigar leburori sabuwa fil, alamar ninki ba ta baje ba, ya rantse zai karya farashin waya har tsoho ya kira jikarsa ba tare da kallon agogo ba. Da ya hau sai ya kafa Kwamitin Nazarin Dalilin Tsada. Kwamitin ya tafi Turai mako biyu don ya ga yadda suke yi da araha, su goma sha ɗaya, kowa da waya biyu a kunne, mu muka biya. Suka dawo da rahoto mai shafi ɗari huɗu, wanda ya gano cewa ƙasarmu tana da faɗi. Mun gode, ranku ya daɗe. Da mun ɗauka ƙarama ce.

Na yi shawara da kaina na ce ba komai. Zan bar wayar a kunne, ba zan kira kowa ba, ba zan buɗe komai ba. Ɓoyayyar lamba kaɗai zan ɗaga. Kira ɗaya, dala goma sha shida, gwiwa sabuwa. Har na yaba wa kaina.

Ranar farko muna zaune a teburin Odete, ta sauke naman da ta yini tana dafawa a tukunyar ƙasa, sai aljihun ƙirjina ya hau rawa. Ɓoyayyar lamba. Na yar da cokali, na ɗaga da hannu biyu.

"Barka da rana, yallaɓai. Muna cikin unguwarku wannan makon muna share bututun iskar ɗumama gida, akwai rangwame."

Wanda yake zaune a ƙasar nan ba sai na gaya masa ko su wane ne ba. Sun fi dangi zumunci. Gidana kuwa ba shi da bututun iska ko ɗaya, ruwan zafi ne ke ɗumama shi tun kafin a haife su. Na gaya musu haka ya fi sau ɗari. Washegari suka kira ina coci. Rana ta uku ina bakin teku. Kullum ɓoyayyar lamba, kullum in ɗaga, kullum kamfanin Trevor ya zare dala goma sha shida ya turo mini saƙo yana taya ni murnar samun hankali kwance.

Rana ta shida na ce wa mai kiran, "Ɗan'uwa, ka san inda nake? Akwai teku tsakanina da gidan."

"Ba matsala, yallaɓai, yaushe za ka dawo?"

Lurdes ta fizge wayar ta kashe.

"Maigida, kai da ka ce kira ɗaya za ka ɗaga. Kuɗin da ka ba su ya isa mu sayi bututun mu kafa, su samu abin sharewa."

Ita ta kawo dabara. Muka shiga wani ƙaramin kanti muka sayi layin can, yuro goma, wata guda cur, da data har ka gaji. Na juya katin a hannuna ina jiran a ce mini akwai sharaɗi, mai kantin ya ce sharaɗin shi ne in matsa, akwai mutane a bayana. Layin gida kuwa muka karkatar da duk kiransa zuwa wayar tebur ta maƙwabcina Gord Pelletier, in asibiti sun kira ya amsa, ya turo mana saƙo.

Gord mutumin kirki ne, shekara ashirin muna raba shinge ɗaya. In ƙanƙara ta zuba shi yake share mini ƙofa tun da gwiwar ta ƙi. Ya yi ritaya daga alƙalancin wasan hoki na kan ƙanƙara, amma har yau usur ɗinsa na rataye a ƙusa kusa da waya. Ban taɓa tambayar dalili ba, kuma wannan laifina ne.

"Gord, duk ranar da suka faɗa, ka ce e. Ko gobe ce, zan hawo jirgi."

"Kwantar da hankalinka, mutumina. Shekara talatin ina tsaye a fili, ba abin da ya taɓa wuce ni. Je ka ci kifinka."

Mako biyun da suka biyo baya, rabona da irin wannan daɗi tun ina saurayi. Aljihuna shiru. Ranar bikin Odete aka jera tebura a tsakar gida, aka zo da masu kiɗa, tsohuwar nan ta tashi ta taka rawa da kowa, har da limamin coci. Ni ina zaune, ƙafa a kan bokiti. Ta zo ta miƙo mini hannu, na kasa tashi. Na ji kunya, na ji baƙin ciki, ba zan ɓoye muku ba.

"Yaya, baɗi war haka da sabuwar gwiwa zan zo. Rawar farko tawa ce."

"To ka ce su yi sauri. Ni ba ni da wata ashirin da biyu da yawa a ajiye."

Muka dawo ranar Laraba. Gord na yankan ciyawa, ya kashe injin ya taho bakin shinge yana washe baki.

"Asibiti ba su kira ba. Amma mutanenka masu bututu, na yi maganinsu. Nawa da naka suka haɗu a waya ɗaya, sau huɗu a rana. Da na ga abin ya wuce wasa sai na sauko da usur. Tara na kora. Akwai wata mace mai taurin kai, ita har sau biyu ta kira."

Lurdes ta tsaya da akwati a hannu. "Me ta ce, Gord?"

"Wai da mijinki, Mista Furtado, take magana? Na ce wa ke nema? Ta ce ba za ta iya faɗa ba sai ta tabbatar shi ne. Na ce daga ina? Ta ce ba za ta iya faɗa ba. Kun ji fa. Na cika huhu na ba ta irin busar da nake ba 'yan wasa in sun kaure da dambe. Washegari ta sake kira, ko sunanka ba ta gama faɗa ba na ƙara mata."

Wasiƙar asibiti tana cikin tarin takardun bayan ƙofa. Ashe sun iya rubuta wasiƙa, ba dai ta kira ba, ta sallama. Wani ya fasa, an neme ni sau biyu ba a same ni ba, an ba na bayana. Gord ya karanta ta a tsaye, ya cire hula, ya zauna a kan matakalar ƙofata. Na so in zage shi, amma shi ne mai share mini ƙanƙara.

To wannan ce matar da na je gani yau. Sunanta Colleen Achterberg, mai furfura kamar ni, da auduga a kunnen dama. Na ajiye kek, na faɗi sunana, ta juyo mini kunnen hagu na sake faɗa.

"Kai ne mai usur."

"Maƙwabcina ne, baiwar Allah. Ni ina tsibiri. Amma don Allah me ya hana ki ce asibiti ne?"

"Doka. Sirrin majinyaci. Ba ni da izinin faɗin inda nake kira sai na san kai ne."

"Shi kuma ba zai ce ni ne ba sai ya san ke ce."

"Na sani, Malam. Shekara goma sha tara nake rubuta wa na sama haka. Sun ce an miƙa wa kwamiti."

Ta buɗe kwalin, ta ɗauki ɗaya, ta ce ta yafe. Amma komawa layi ba a hannunta yake ba. Sai likitana ya sake turo takarda ta na'urar faks, domin asibitin nan da yake iya canza wa mutum zuciya bai yarda da wata hanyar saƙo ba. Daga nan a sa ni a ƙarshe. Na tambaye ta wata nawa, ta kalli sandata ta ce gara kada ta faɗa.

"Kunnen fa?" na ce.

"Yana ta ƙara kamar firji. An sa ni a layin likitan kunne. Wata goma sha huɗu, in ji su."

Sai a lokacin na lura da wayarta, tana jingine da kofin shayi, fuskar wayar na kallon ta. Muna cikin magana ta hau rawa, ɓoyayyar lamba. Matar nan ta saki kek, ta wawure ta da hannu biyu, ta kara a kunnen hagu. Na ga fuskarta ta yi haske, na ga hasken ya mutu.

"A'a," ta ce a hankali. "Gidan haya nake. Ba ni da bututu."

Don haka ga shawarata ga Mai Girma Sarkin Alkawura, kyauta, ba sai an kafa mata kwamiti ba. A ɗauki jerin sunayen masu jiran tiyata a miƙa wa masu share bututu. Mutanen nan sun same ni a coci, sun same ni a bakin teku, sun same ni a tsibirin da jirgi ma sai ya yi lalube. Ba su taɓa cewa sau biyu kawai ba. A ba su aikin mako ɗaya, ba gurgun da zai rage a ƙasar nan.

Na kira Odete da yamma, da layin yuro goman nan, domin har yanzu yana aiki kuma ya fi nawa araha daga cikin falona. Na ce mata rawar baɗi sai dai a zaune. Ta ce to, za ta sa a kawo kujeru biyu.

Ga wayar nan ma tana rawa a ƙirjina ina rubutun nan, ɓoyayyar lamba, kuma kun san dole in ɗaga. In su ne, yau zan ce su zo. Ba ni da bututu, amma mutumin da ya yi wata ashirin da biyu yana nemana ba fashi, ya cancanci in dafa masa kofi.