Bokitin Alkakin da Na Ɗaure a Ƙafata

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka mayar da ni Gaya bayan na gama wankan jegon Walid ba. Har yau in na ji an buga ƙofar mota da ƙarfi, sai in ji kunya ta lulluɓe ni sabuwa fil.

Maigidana, Abban Walid, yana da wata tsohuwar jif da ya saya bayan ya sayar da gyaɗarsa. 'Yan'uwansa sun ce ya ƙara gona, ya ƙi. Baƙa ce, ƙofar but ɗinta gefe take buɗewa kamar ta ɗaki, ga taya maƙale a jiki. In tana tafiya komai na jikinta ƙara yake, shi kuma ya ƙure rediyo. Yana wanke ta fiye da yadda yake wanke hularsa, kuma in kana son ganin ɓacin ransa, ce masa motar nan tana da matsala.

Ni 'yar Gafasa ce. Duk sanda za mu je gaida iyayena sai mun biya mun ɗauki Gwaggo Tabawa a ƙauyensu, tsakanin Gaya da Ajingi. Ita ta riƙe maigidana tun rasuwar mahaifiyarsa, don haka ita ce surukata. A dawowa kuma mu sauke ta a kwanar garinsu. Ba ta yarda a ɗauko mata kaya. Sai ta ce, "Ku yi zamanku, 'ya'yan nan," ta zaga baya ita kaɗai ta buɗe but, ta ɗan jima, sannan ta rufe.

Ran farko, kwanon man shanun da Innata ta ba ni ne muka nema muka rasa. Na ce ko a Gafasa na baro shi. Na biyu, ƙullin gyaɗa soyayya, wanda ni da hannuna na sa a bakin ƙofa. Na uku ba na ma cikin motar: ranar sunan Walid ce, Abban Walid da Gwaggo suka tafi Gaya da kayan barka, daga baya ya bugo waya yana tambayata wai dama akwai bahon wankan jariri a ciki? Akwai mana! Shuɗi, mai zanen agwagwa.

Ni dai ban wuce aji huɗu a firamare ba, amma Allah ya ba ni ido. Na lura duk abin da ya ɓata a bakin ƙofa yake, inda hannu zai kai da sauri. Na lura Gwaggo kullum da ƙaton mayafi take tafiya, ko ana zafi. Na kuma lura da abin da ya fi damuna: duk sanda na ɗauko maganar, sai maigidan ya kau da kai.

"Abban Walid, wai kayan nan ƙafa gare su?"

"Don Allah ki bar maganar nan. Zan saya miki wani."

"To wa yake buɗe but in ba…"

"Na ce ki bar ta."

Shi ke nan, na gama haɗa zancena. Ya sani, yana rufa wa gwaggonsa asiri ne. (Na sha ganinsa yana tsayawa bayan mun wuce Ajingi, wai zai duba taya, ya je ya bangaji ƙofar baya da kafaɗa har sau uku. Wannan kam idon nawa bai ga komai a ciki ba.)

To ga ranar komawa ta zo, ga gara. Inna sai da ta sayar da tunkiyarta ta yi mini ita: buhun gero, jarkar man gyaɗa, nakiya, dubulan, da bokitin alkaki guda cike taf wanda ta kwana biyu tana fama da shi. Kun san yadda ake yi, a tsakar gida za a baje kayan nan, dangin miji su duba ɗaya bayan ɗaya. In aka ce garar 'yar Gafasa ba alkaki, ba ni za a zaga ba, Inna za a zaga.

Gwaggo ta zo ɗaukata, ta shiga gaba. Ƙannen Inna biyu da za su raka ni suka zauna a tsakiya. Ni kuwa na dafe ƙugu na ce bayana ke ciwo, ba zan iya zama ba, gara in miƙe a but kusa da kaya.

"Maijego a but kamar akuya?" in ji Gwaggo.

"Ya fi mini daɗi, Gwaggo."

"To miƙo mini angona." Ta karɓi Walid ta rungume.

Abban Walid ya yi ta cewa a'a, a'a, har gumi ya karyo masa. Na ce a raina, ka ji ko? Tsoro yake kar in gani. Na haye abina. Ya rufe ƙofar, ya sake rufewa, ya bangaje ta, ya tsaya yana kallonta kamar zai yi mata magana.

Dabarata ita ce: na ajiye bokitin alkakin a bakin ƙofa, na kwance ɗankwalina na ɗaure hannun bokitin da gefe ɗaya, ɗaya gefen na ɗaure a idon sawuna, ƙulli biyu. Na ja mayafi na rufe har kaina. Na fara munsharin ƙarya. In mun isa kwanarsu ta ga ina barci, za ta miƙo hannu, ni kuma in tashi a gaban shaidu biyu. Abin da zan yi bayan nan ban tsara ba.

Wanda ya lulluɓe kansa bai san inda ake ba. Ga zafi, ga ƙamshin nakiya, ga jijjiga, ina jin har barcin gaske ya ɗan fizge ni. Can sai na ji mota ta rage gudu kamar za ta tsaya. Na ji ƙwas! Iska ta shigo. Sai na ji an ja ƙafata, ja mai ƙarfi.

Na yaye mayafi na kurma ihu iya ƙarfina: "Na kama ki! Gwaggo Tabawa, yau dai na kama ki! Ina man shanuna? Ina bahon ɗana?"

Ban rufe baki ba na ji ni a ƙasa, daɓas, a kan titi.

Ba kwanar garinsu ba ce. Tsakiyar Ajingi ce, ranar kasuwa, daidai tudun nan da aka yi a kan titi don motoci su rage gudu. Ƙofar ta buɗe da kanta, bokiti ya zame ya faɗo, ya ja ni na bi shi. Ga ni zaune ba ɗankwali, kitson jego duk ya tsufa, ƙafa ɗaya ɗaure da bokiti, alkaki ya watse har ƙarƙashin wani a-daidaita-sahu. Allah ya taimake ni motar tafiyar hawainiya take, gwiwar hannu kawai na kurje. 'Yan acaɓa suka yi cirko-cirko. Wata mai awara ta ce, "Innalillahi, yau kuma mutum ta zubar!"

Yau kuma?

Wani dattijo mai faci ya taso daga rumfarsa yana goge hannu. Ya dubi maigidana da ya fito a guje ya ce, "Alhaji, ai kai nake ta cigiya. Motar nan taka duk sanda ta hau tudun nan sai ƙofar ta wangale ta koma. Muna ta ɗaga maka hannu, kai kuma sai ka ɗago mana kana murmushi." Ya koma ciki ya fito da bahon Walid, agwagwa da komai. Ya ce a yi haƙuri, ya ɗan gwada tayoyi a ciki. Gyaɗar awaki sun cinye, man shanun kuwa mota ta bi ta kai.

A nan Abban Walid ya amsa, murya ƙasa-ƙasa, cewa sakatar ƙofar ba ta kamawa tun ranar da ya sayi motar. Sau uku yana kai ta wajen bakanike a Gaya, a gyara, ta yi sati biyu ta koma. Bai faɗa ba don kar 'yan'uwansa su ce dama sun faɗa.

Ni duk ban ji sauran ba, ƙofar gaba nake kallo. Gwaggo ta sauko a hankali da Walid a kafaɗa. Ta ji komai. Duk Ajingi ma ta ji, da sunanta. Ƙannen Inna sun rufe fuska da mayafi kamar su suka yi. Na ja jiki, da bokitin da komai, na durƙusa a gabanta. Sai hawaye.

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Kwance abin nan daga ƙafarki ki ɗaura a kanki, mutane na kallo."

Na ɗaura.

"Ni ce ɓarauniyar?"

"Gwaggo, don girman Allah ki yafe mini."

"Uhm." Ta gyara wa Walid hula. "Tun kafin azumi ƙullin daddawata ya ɓata a motar nan, da sabon takalmina ƙafa ɗaya. Na ce a raina, yarinyar nan shiru-shiru ashe hannunta ba ya zama. Shi ya sa nake zagawa da kaina in duba kayana. Har na gaya wa maƙwabciyata." Ta matso kusa da kunnena. "Sai dai ni ban yi shela a kasuwa ba."

Daga nan ta juya kan ɗanta. Abin da ta gaya masa ba zan rubuta ba, amma mai awara sai da ta bar kaskonta ta matso. Muka tsince alkakin da bai taɓa ƙasa sosai ba, Gwaggo ta sayi igiya wajen masu dabbobi ta sa shi ya ɗaure ƙofar da hannunsa. Ta fasa sauka a garinsu, ta bi mu har Gaya. Da aka baje gara wata ta ce alkakin kamar bai cika ba, Gwaggo ta ce, "Ni na ci a hanya. Akwai magana?"

Ta yafe, amma ba ta bar ni na huta ba. Duk zuwan da za ta yi gidanmu, in za ta tafi sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa ta ce, "Maman Walid, zo ki caje ni kafin in fita."

Abin da na koya dai shi ne, in kaya suka fara ɓata kuma namiji ya ce a bar maganar, kar ki tsaya kallon mayafin kowa. Tashi ki je ki girgiza abin da ya saya da kuɗinsa yake taƙama da shi.