Jinin da Ya Girmi Uwar Ummi

Wautata ban gaje ta ba, ni na ƙera abata. Shekarar da soja suka koma bariki, zazzaɓi ya kwantar da jikata Ummi, jiki duk ya kumbura. Likita ya ce cututtuka biyu ne masu kama da juna, sai an duba ƙwayoyin garkuwar jininta kafin a zaɓi magani. Na tausaya mata allura. Na ce ai jini ɗaya ne, na kutsa layin ɗibar jini da takardarta, na miƙa hannuna.

Kwana biyu na ɓata mata. Likita ya dubi sakamako, ya dubi hannunta babu tabo, ya ce, "Baba, jinin nan ya girmi uwarta."

Ummi ta warke, amma unguwarmu Madabo ba ta manta ba. Jiya mai ɗakina ta ce, "Malam, haƙorina na ciwo. Ko za ka je a cire naka?"