Rasuwar Kwamfutar Mushe Zakiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da ya rage masa, Mushe Zakiru, wato Malam Zakiru, tsohon malamin tarihi a nan Dakoro, yana sanar da rasuwar kwamfutarsa ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiyar ba ta taɓa raina jahilcinsa ba. A kanta ya koyi rubuta wa na'ura umarni yana ɗan shekara sittin, ya yi kuskure dubu, iyakarta ta ce "tit" ta jira shi. Tare suka gina ɗan tsarin da ke bin waƙoƙin daka ɗari uku da matarsa Nuriyya ta tattaro daga matan Birnin Lalle da Ɗan Gulbi, ta rera su da bakinta, aka naɗi muryarta a cikin kwamfutar, kafin Allah ya karɓe ta. Tsarin yakan tsamo sunan kowace yunwa da kowace rijiya daga cikin waƙoƙin, ya jera su shekara bi shekara, 'yan lakwal, yaran makaranta, su ga tarihinsu a bakin turmi. Masana tarihi sun ce wannan aikin makanikai ne. Masana na'ura sun ce waƙar mata ba ilimi ba ce. Ita dai ta ci gaba da aiki.

Ciwon ajalinta ƙarami ne: tana zafi, tana gurnani. Aka kai ta wajen wani mai gyara a bakin kasuwa, wanda maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta. Ya goge ta tas, har da waƙoƙin, ba tare da ya tambaya ba, ya cika ta da finafinai kyauta, ya tsaya jiran godiya. Kwana biyu ta ƙara, sannan ta yi shiru.

Ta bar caja mai ɗaure da roba, da jaka, da kile ɗaya, ɗan abin ajiyar bayanai, da mamallakinta ya saya shekara huɗu da suka wuce don ya kwafe waƙoƙin. Har yau yana cikin ledarsa. Mushe Zakiru ya san wanda za a tuhuma kan wannan, kullum yana ganinsa a madubi.

Za a sa ta a akwatin Nuriyya ranar Alhamis bayan la'asar. Ba sadaka, ba zaman makoki. Duk tsohuwar da ta tuna ko baiti ɗaya, ta zo, akwai kaye da biki, wato littafi da alƙalamin rubutawa. Masu zuwa su ce ƙarfe ne kawai, su yi zamansu a gida: karo na biyu ke nan da yake rufe muryar matarsa.