Kempir Ta Rasu a Hannun Masu Gyara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, iyalan marigayi Duishon mai zuma na gundumar At-Bashi suna sanar da dangi, maƙwabta, da duk masu kiwon zuman da suka taɓa fakewa daga ruwa a cikinta, rasuwar motarsu kuma ɗakinsu na tafiya, wadda kowa ya sani da Kempir, wato Tsohuwa. Ta rasu bana, bayan narkewar ƙanƙara, a tsakar gida, a hannun waɗanda suka fi kowa son ta. Mai wucewa zai hango gangar jikinta a tsaye tana sheƙi, injinta ma yana tashi da murɗa ɗaya. Kada wannan ya ruɗe shi. Wadda ke ciki ta tafi.

Marigayiyar ta fara aiki ne a matsayin motar ɗaukar marasa lafiya, tun zamanin gonar gwamnati. Da aka raba kayan gonar, wasu suka samu tumaki, wasu garma, Duishon ya samu ita, da taya uku. Ya cire kujerunta, ya haɗa gado da katakon tsofaffin amyoyi, ya kafa murhun ƙarfe da bututun hayaƙi ta taga. Matarsa Uulkan ta lulluɓe bangon ciki da bargon gashin tumaki mai kauri wanda ta daka da hannunta. Tun daga nan, duk shekara in furanni suka buɗe a kan tsaunuka, Kempir ke jan amyoyi zuwa sama, ita ce kuma ɗakin kwana, ita ce kicin, har sanyi ya koro su gida.

An shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa macewa a hawa ba sai in Duishon da kansa yana son hutawa. Ƙofarta takan yi ƙara ƙiiii kafin ta rufe gau. Da safe sai ta yi tari, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta kama. Duishon yakan daki sitiyari ya ce, "Tashi, tsohuwa, rana ta yi."

Uulkan ta amsa daga bayansa, "Da wacce kake?"

"Da wadda ke jin magana."

"To ta dafa maka shayi."

Babban abin da ta mallaka shi ne warinta. Kakin zuma, hayaƙi, taba, fetur, kitsen rago, da gashin tumakin da ya sha ruwa ya bushe ya sake sha. Bargon bango ya shanye duka, bai taɓa mayar da komai ba. 'Yarsu Burul, lokacin da take karatun zanen gine-gine a Bishkek, ta sha wanke jakarta a ɓoye don kada 'yan ɗakinsu su ji shi.

Duishon ya rasu bara, a makon farko na hawansu, a kan gadon nan, a can saman tsauni, yana hutun azahar. Daga makon da aka binne shi, duk Alhamis, lokacin da sauran mata ke soya gurasa a kicin don ƙamshin mai ya isa ga mamatansu, Uulkan sai ta ɗauki kaskonta ta nufi mota. Ɗanta Talant ya yi mata magana sau ɗaya, saboda sanyi.

Ta ce, "Babanku yaushe ya san hanyar kicin ɗina? Rabin rayuwarsa a nan ya yi. In ya zo, nan zai nufa."

Takan rufe ƙofa, ta yi suyarta, ta karanta abin da ta sani na Alƙur'ani, ta zauna har mai ya huce. In ta fito, fuskarta takan yi kamar ta wadda ta yi hira. Burul, wadda ba ta iya tambayar irin wannan abu, takan tsaya bayan labulen ɗakinta tana kallo. Ta ga abin da ta gani: bayan hayaƙi ya fara fita ta bututu, motar takan ɗan karkata ta gefen direba, daidai yadda take yi in Duishon ya ɗora ƙafa zai hau. Ta gaya wa Talant. Ya ce sifirin ƙafar motar ne ya gaji. Ba ta yi musu ba, kuma ba ta daina kallo ba.

Ciwon ajalin marigayiyar ya daɗe yana cin ta. Rufinta yana yoyo, bargon ya yi fumfuna, tsatsa ta huda ƙasanta har ana hango ciyawa. Uulkan ta fara wani tari da ba ya jin magani. Da aka yi addu'ar cika shekara, ta tuɓe baƙaƙen kayan takaba, 'yar uwarta ta tafi da ita Narin ta huta, sai Talant da Burul suka yanke shawarar yi mata kyauta: su gyara cikin motar, ta yadda bana za ta hau tsauni da ƙudan zuma ba tare da ƙirjinta ya ƙara lalacewa ba. Niyyar alheri ce, kuma iyalan suna so a rubuta hakan.

Burul ta zana komai. Aka kira Ermek kafinta. Ya leƙa ciki, ya shaƙa, ya dube ta.

"Duka za a fitar, ƙanwata?"

"Duka."

Talant ya ce, "Ka ji injiniya. Yi abin da ta ce, kada ta zana mu mu ma ta rushe."

Aka fara cire ƙusoshi. Bayan bargon aka sami matattun ƙudan zuma, da cokali, da ɗan kunnen Uulkan da ta daɗe tana zargin wata maƙwabciya a kansa. A gefen gado, daidai tsayin kan mutum zaune, akwai wani baƙin tabo mai maiƙo inda Duishon ke jingina. Burul ta daɗe tana dubansa. Sai Ermek ya ja bargon ta ɗaya gefen, ya taho gaba ɗaya.

Saboda fumfuna, Talant ya tara shi bayan garke da katakon gadon ya cinna wuta. Hayaƙin ya cika gidan da warin Duishon. Tsohon karensu, wanda ya yi shekara bai tashi wa kowa ba, ya miƙe ya ruga bakin ƙofar gida yana kaɗa wutsiya. Ya tsaya nan har wutar ta mutu. Wa da ƙanwa ba su dubi juna ba.

Aka sa fararen alluna masu santsi waɗanda tsumma ɗaya ke gogewa. Aka sa katifar soso, murhun gas, fitilar sola, sabon sifirin, aka zuba wa ƙofa mai ta daina kuka. Saman murhun Burul ta sa 'yar fanka mai zuƙe hayaƙi ta fitar, saboda tarin. Da wannan fankar ta fi alfahari.

Uulkan ta dawo. Ta cire takalmi, ta shiga, ta shafa bango da tafin hannu. Ta ce, "Ya yi kyau. Kamar asibiti. Allah ya yi muku albarka." Ranar Alhamis ta ɗauki kasko ta shiga. Fanka ta yi aikinta. Motar ta tsaya cak a kan ƙafafunta, kuma Uulkan ta fito tun mai bai huce ba. Alhamis ta gaba ma haka. Alhamis ta uku, Burul ta sami uwarta zaune a ɗaki, hannuwa a cinya.

"Apa," ta ce, wato Mama, "yau Alhamis."

"Na sani."

"Na kwaɓa muku fulawa."

"Ki kai wa maƙwabta." Sannan ta ce, "Ya zo ya tarar da ɗakin baƙi, ya juya. Babanki ba ya shiga inda ba a san shi ba. Kunya gare shi, irin taki."

Wannan ranar ce iyalan suka ɗauka ranar rasuwar Kempir.

Ta rasu ta bar Uulkan, wadda tarinta ya yi sauƙi amma ta daina magana a kan abinci. Ta bar Talant, da ke buɗe inji yana rufewa ba tare da wani abu ya lalace ba. Ta bar Burul. Ta bar amyoyin da har yanzu ke jibge a gindin katanga, alhali furanni sun buɗe a sama kuma maƙwabta sun riga sun hau. Ta bar butar shayi mai lanƙwasasshen baki, da kare ɗaya.

Za a yi jana'izarta ranar Alhamis mai zuwa bayan azahar, a cikin gangar jikinta, a tsakar gida. Ana roƙon tsofaffin abokan aikin Duishon su zo da kayan aikinsu a jiki kamar yadda suke, kada matansu su wanke. Mai gwangwanin hura wa zuma hayaƙi ya zo da shi a kunne, mai shan taba ya zo da tabarsa. Wanda ke da tsohon bargon gashin tumaki da ya sha kaki ya taimaka da shi, akwai ƙusa da guduma. An riga an yanke wayar fanka. Za a rufe ƙofa da tagogi, Burul ce za ta yi suyar, kuma waɗanda suka san suyarta sun san silin ba zai kwana fari ba. Kada kowa ya goge komai. Kada kuma a yabi aikin kafinta a gaban uwar gida.

Masu ta'aziyya za su sami Uulkan a ɗakinta. An tambaye ta ko za ta fito ta shiga, ta ce ba ta sani ba, sai abin da hancinta ya gaya mata. Don haka ana roƙon mai shiga da mai fita ya bar ƙofar ɗakin a buɗe.