Ranar da Na Sa Madam Titi a Lasifika

Ko da zan manta da komai na kasuwar Yauri, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban 'yan ƙungiyarmu ina koya musu Turancin yaudara ba. Ni fa, da ko firamare ban ƙarasa ba!

Sana'ata bandar kifi. Da kwando ɗaya na fara a bakin ruwa, yau masunta daga tsibirai har Shanga ni suke nema in sun sauke kaya. Babban abin taƙamata shi ne ba a taɓa cutata ba. (Ban da Mamman. Amma shi taubashina ne, ɗan kawuna, kuma kowa ya san ba a fushi da tsiyar taubashi.) Shi ma kifin yake sayarwa, rumfarsa tana kallon tawa.

A lokacin burina ɗaya ne: Madam Titi. Babbar 'yar kasuwa ce a Ibadan, mai shaguna da yawa. Duk wanda ya samu ta riƙa sayen kifinsa kai tsaye, ya rabu da wulaƙancin 'yan tsakiya. Na daɗe ina bibiyarta a waya ta bakin yaron shagonta, ban taɓa jin muryarta ba, ina aika mata ɗanɗanon tarwada da giwan ruwa, har ta yi alkawarin za ta zo da kanta cikin damina ta ga kayana. Ba ta dai faɗi rana ba.

Bakina ba ya riƙe murna, don haka Mamman ya ji. Sai ya sa wata mai sayar da katin waya ta kira ni da Turancin hanci, wai Madam ce ta iso tasha. Na zuba babbar riga, na fesa turare, na je ina leƙa motoci ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana teburin mai shayi ya riƙe ciki don dariya.

Da na ba 'yata Rukayya labari, ta dawo hutu daga makaranta, sai ta ce, "Baba, ai wannan shi Turawa ke kira prank."

Na ce, "Au, har suna gare shi?"

Ai kuwa na tsare ta. Ashe Bature ya yi wa ƙarya gida-gida! Prank ita ce tsiya irin ta taubasai, ana yi a yi dariya, ba a rabu da kai da komai ba sai mutunci. Fake shi ne jabu, kamar ragar kamun kifi da za a ce maka ta waje ce, ta shiga ruwa sau biyu ta yage. Bluff kuwa da ta bayyana min shi sai da na yi dariya, don kullum ina yinsa: ka ce wa mai saye, "Akwai wani yana jira," alhali ko ƙuda babu. Scam ita ce damfara tsirararta, a shirya maka labari mai daɗi ko mai tada hankali don a kwashe ka. Fraud yayanta ne, shi ke kai mutum gaban alƙali.

Na haddace su kamar karatun allo. Na riƙa yayyafa su a kasuwa ko da dalili ko babu. Yaro ya kawo min shayi ba madara, in ce fake.

To dama 'yan damfarar waya sun addabi mutanenmu. Sai shugaban ƙungiya, Malam Bulus, mutumin Ngaski, ya ce tunda na zama masani, in yi wa jama'a bayani a taron wata. Zo ka ga murna! Aka cika rumfar ƙungiya, ana yayyafi a waje, aka miƙo min makirufo. Na jero kalmomin nan, ina faɗa suna maimaitawa. Tsofaffin da suka haife ni suna cewa "scam" a tare. Na ji kaina ya kumbura.

Na ce, "Ku riƙe alamomin ɗan damfara. Zai kira da baƙuwar lamba. Zai ambaci sunan wanda kuka sani. Sannan zai ce gaggawa ce."

Ban rufe baki ba wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba! Na ɗaga ta sama na ce, "Jama'a, ga misali Allah ya kawo har gida!" Na buɗe murya, na kanga ta a makirufo.

Mace ce, da Turanci, tana haki. Wai ita ce Madam Titi. Wai cajin wayarta ya ƙare, da ta direba take kira. Wai motarsu ta kafe a taɓo gab da Birnin Yauri, in taimaka in turo mota da mai yanzu-yanzu.

Baƙuwar lamba, sunan wadda na sani, gaggawa. Rumfar ta ɗauki sowa.

Na rufe wayar da tafin hannu na ce, "To ɗalibai, wanne ne? Prank ko scam?" Aka rabu biyu ana gardama. Na hango Mamman can baya na ce, "Kai ja'iri, ce wa yarinyar taka ta ajiye waya."

Ya miƙe ya ce, "Wallahi taubashi, wagga ba tawa ba ce. Ka dai saurara da kyau."

Na ce, "Kun ji ko? Tunda ba prank ba ce, scam ce ke nan!" Na koma kan wayar, na tattaro duk Turancin da na mallaka na juye mata. Na kira ta fake. Na kira ta fraud. Na ce 'yan sanda suna gefena suna jin ta. (Wannan bluff ne, har na juya na sanar da jama'a, don su ga yadda ake amfani da shi.) Ta ce, "Alhaji?" Na kashe wayar. Aka yi tafi kamar rumfar za ta faɗi. Ban ma lura Mamman ya zo ya leƙa fuskar wayar ya fice ba.

Muna cikin cin ƙosan rufe taro, ana ta ba ni hannu, sai ga ƙarar babur. Mamman ne. A bayansa wata dattijuwa, leshinta ya sha taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta sauko, ta dubi jama'a, ta ce da Hausa garau (ashe a Sabon Ibadan, unguwar Hausawa, ta tashi):

"Ina Alhajin da 'yan sanda ke gefensa?"

Wallahi hannuwa sun fi talatin da suka nuna ni. Ɗalibaina!

Ta ƙaraso ta ce, "Ka iya Turanci, Alhaji. Fake, fraud, scam. Akwai wata 'yar ƙarama, sorry. Ba a kai ka nan ba?"

Na faɗe ta. Na sake faɗa da Hausa, na ƙara da durƙuso. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, don har ruwa ta karɓa a hannuna. Amma rumfar Mamman ta nufa, kuma kifin Mamman aka loda mata. Har yau shi ke aika mata kaya. In odar ta fi ƙarfinsa, yakan leƙo ya ce, "Alhaji Scam, a ba mu kwali biyar mana." Sunan ya bi ni har wurin jikokina.

Daga baya na tambaye shi yadda ya gane. Ya ce, "Kiran lambar na yi, na ce in ke ce, wane kifi taubashina ya aika miki? Ta ce giwan ruwa, kuma gishirin ya yi yawa."

Tambaya ɗaya tak. Ni na tara sunayen ƙarya har biyar, na manta ban tanadi hanyar gane gaskiya ko ɗaya ba. Yanzu in baƙuwar lamba ta kira, tambaya nake fara yi, da Hausa, a kunnena. Gishirin ma na rage.